Ambulan a Aljihun Rigar Malam

Zongo, Lome, ranar Talata

Yayana Abdurrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun koma Dapango lafiya. Yaya ƙafarka, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan sai haƙuri.

Yaya, na yi ɓarna, kuma sai jiya na gane. Madam Akosiwa, wadda suke shirya gasar muhawarar 'yan lise, wato sakandare, tare da maigidana Malam, ta zo gaisuwa. Da za ta tashi ta tambaye ni a hankali ko na ga farin ambulan a aljihun shuɗiyar rigarsa. Rigar nan ce na ɗauka da hannuna ranar sadakar uku na ba Alasan mai shanu, domin shi ya yi wa Malam wanka. Ban laluba aljihu ba. Ko kallon rigar ba na iya yi.

Ranar Asabar, ana gobe zai rasu, aka yi zagayen ƙarshe tsakanin yaran makarantar Kegue da na makarantar nan ta Zongo, uku-uku. Yaran Malam na makarantar Agoè an fitar da su tun baya, shi ya sa aka sa shi babban alƙali. Alƙalai uku ne, kowa ya rubuta hukuncinsa ya liƙe. Biyu sun miƙa nasu a wurin. Shi ya taho da nasa gida, don al'adarsa ce ya rubuta wa kowane yaro 'yar takarda, inda ya yi kyau da inda zai gyara, ya haɗa da hukuncin. Ya gama Lahadi da safe, ya sa a aljihu don kada ya manta ranar Litinin. Da azahar ya faɗi, rai ya yi halinsa.

An buɗe biyun. Ɗaya ya ba Kegue, ɗaya ya ba Zongo. Saura nasa. Juma'ar mako mai zuwa kuma za a aika sunayen waɗanda za su je gasar ƙasa.

Alasan ya tafi arewa sayen shanu, wayarsa ba ta shiga. Ni ina takaba, ko ƙofar gida ba na tsallakewa. Don Allah ka neme shi a kasuwar shanu ta Sinkase. Dogo ne, haƙorinsa ɗaya na gaba ya karye. Na rubuta ne don idan na ɗauki waya kuka ke hana ni magana.

Ƙanwarka,
Rahmatu

Ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Direban motar Dapango ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu. Kwana shida ke nan, ban ji komai ba.

Gidan ba ya rabo da mutane, amma ba duka ta'aziyya ke kawo su ba. Uwar Meimuna maƙwabciyarmu, wadda 'yarta ta rufe magana a ɓangaren Zongo, ta zo sau uku. Ta ce ai babu mijin da zai ɓoye wa matarsa abu irin wannan, in tuna da kyau. Ta ce kalma ɗaya in faɗa wa Madam, kowa zai yarda, wa zai ƙaryata mai takaba? Can Kegue kuma, an ce iyaye suna cewa mun ɓoye ambulan ne don yaranmu sun faɗi. Sunan Malam ake ja a ƙasa, kabarinsa ko bushewa bai yi ba.

Wallahi na tambayi Malam wa ya ba nasara, muna cin abinci. Dariya ya yi, ya ce in ya faɗa mini kafin la'asar masu sayar da koko sun ji. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa faɗa mini ba. Cewa yake alƙali ba ya bin wanda yake so, ko abin da shi ya yarda da shi, abin da aka faɗa a gabansa kawai yake aunawa. Takardar yaron da ya faɗi ma ta fi tsawo, wai shi ya fi bukata.

Meimuna da kanta ta zo jiya. Ba ta roƙe ni komai ba, ta share tsakar gida ta tafi. Wannan ya fi maganar uwarta yi mini nauyi. Saura kaɗan in kira Madam. Na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna, na ajiye.

In ba a samu ba, ƙuri'a za su jefa ranar Alhamis. Yaya, ka bar aikin lodin nan naka ko na kwana ɗaya ne, ka nemo Alasan. Ban taɓa roƙonka irin wannan ba.

Taka,
Rahmatu

Ranar Lahadi

Yaya Abdurrashid,

Gaisuwa da godiya. Allah ya saka maka, ya huce gajiyar hanya. Ka gode mini wa Alasan da ya adana shi bai buɗe ba.

Ambulan ya iso jiya. An jefa ƙuri'a tun Alhamis, Kegue ta ci, sunaye sun tafi. Uwar Meimuna ta daina amsa sallamata ta kan katanga.

Madam ta ce yanzu ba zai canza komai ba, in yi yadda na ga dama da shi. In na buɗe na ga Zongo, ni na hana Meimuna tafiya. In na ga Kegue, unguwa za ta ce ni da Madam muka rubuta. Na ɗaga shi ga hasken taga, na ga inuwar rubutunsa, na mayar ƙarƙashin matashi.

Ka gaida kowa. Ambulan yana nan a liƙe, yaran shida kuma ba wanda ya karɓi takardarsa.

Ƙanwarka,
Rahmatu