Na Kashe Ƙanwata a Cikin Littafi

Malama Mariyamu,

Don Allah ki taimake ni, duk wanda na faɗa wa damuwata dariya yake yi. Ni malamar firamare ce a Jibiya. Tun ina kwaleji nake son ƙagaggun labaran kimiyya, musamman waɗanda annoba ke cinye duniya. Bara na zauna na rubuta nawa da Hausa. Shekara ɗari nan gaba, wata cuta ta ɓullo daga rijiyoyin man fetur, aka rufe iyaka da katangar lantarki, ya da ƙanwa suka rabu, ɗaya nan ɗaya can. Yayar ta keta katangar da ƙafa, ta tarar ƙanwar ta cika.

To, sai na sa wa ƙanwar suna Salmatu, sunan ƙanwata ciki ɗaya da ke aure a Maraɗi. Da ta zo sallah na karanta mata ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce na yi mata mugun fata, na ɗinka mata likkafani tana da rai. Washegari ta koma. Wata bakwai ke nan, kullum motocin kaya na wucewa, ko gaisuwarta direba bai kawo mini ba.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin kwalarar 1971, shekara huɗu da suka wuce, ɗanta ya rasu can Maraɗi. Ba ni da katin rigakafi, ’yan duwan masu tsaron iyaka kuwa ba su barin kowa ya tsallaka sai da shi. Mutanen Magama da ke bakin iyaka ta gonaki suka riƙa bi suna tsallakawa. Ni tsoro na ji, na aika wasiƙa. Ba mu taɓa tada maganar ba.

Yanzu masu buga littattafai sun ce in aiko. In aika ko in ƙona?

Mai Alli, Jibiya

*

’Yar’uwa Mai Alli,

Kada ki ƙona. Rubutu bai taɓa kashe kowa ba, da tuni malaman jami’a sun gama da juna. Ƙwazonki abin yabo ne, kuma ban ga mugun nufi a zuciyarki ba.

Amma Salmatu ma tana da gaskiya. Sunayen mata sun cika duniya, kika ɗauko nata kika binne. Sai dai ina jin ba mutuwar ce ta fi ƙona mata rai ba. Ta zauna tana jin yadda yayarta ta keta katangar lantarki a takarda, alhali ranar da take buƙatarki gonar gero ta gagare ki. Tsoron da kika ji ba laifi ba ne, cutar ba ta wasa ba ce. Shirun shekara huɗu shi ne laifin. Littafin nan haƙuri ne kika ba ta, amma kika bi ta shekara ɗari nan gaba.

Ki nemi katin rigakafi, ki hau motar Maraɗi ran Juma’a. Ki bar littafin a gida, kuma kada ki sake aika wasiƙa, mun ga inda ta farko ta kai ku. Ki zauna a ɗakinta ki yi mata ta’aziyyar ɗanta baki da baki, ki ce mata kin ji tsoro. In ta yi faɗa, ki bar ta ta gama.

Bayan nan ki canza sunan, ki bar ta ta zaɓi sabo. Masu buga littafi za su iya jira.

Allah ya jiƙan yaron, ya huce zuciyar uwarsa, ya kai ki lafiya.

Mariyamu