Na ce wa 'yata ruwa ba ya shiga ɗakin

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu, ina gaishe ku da aiki. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini hankali wajen magana, abin da na yi ya ishe ni kunya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni uwa ce a Daura. Yarana duk sun yi aure sun watse, maigidana ya rasu, saura ni da autata a gida. Ta karanci kwamfuta, kuma bana Allah ya ba ta aikinta na farko a wani kamfanin taki da hatsi mai rassa a Daura da Sandamu da Mai'adua. Aikin shi ne ta haɗa kwamfutocin rassan su riƙa magana da juna, ta kuma zaɓi inda za a ajiye babbar na'urar da suke kira saba. Da na tambaye ta mece ce saba, sai ta ce, "Inna, rumbu ce. Duk abin da aka saya ko aka sayar a rassa, rahotonsa cikinta yake zuwa ya kwanta. In ta lalace, Alhaji ya makance." Alhajin shi ne mai kamfanin.

Wuri biyu ta ware. Ɗaya a sito ɗinsu na Mai'adua, inda akwai sola mai ƙarfi. Ɗaya a gidan da suka kama haya a layinmu, gida uku tsakaninmu. Alhaji ya ce duk inda aka kai na'urar, can mai kula da ita za ta zauna, saboda in ta ɗauke a tashe ta da wuri. Wato in Mai'adua ce, Auta za ta koma wurin gwaggonta da ke can. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini daɗi. Na ce wa kaina surutun mutane nake gudu, budurwa a garin da ba nata ba. Amma gaskiya ba shi ba ne. Tsoron cin tuwo ni kaɗai nake yi.

Ran nan da hantsi ta ja ni zuwa gidan hayar, ta nuna mini ɗakin ƙurya. Ta ce ya yi mata, ba taga, ba ƙura, ƙofa ɗaya, wayoyi za su isa ko'ina. Sai ta durƙusa ta shafa gindin bango, inda wani tabo ya fito ta ƙarƙashin sabon fenti. Ta ce, "Inna, ke kin san gidan nan tun ina makarantar kwana. Wannan ba sawun ruwa ba ne?" Jama'a, na san ɗakin nan kamar tafin hannuna. Na marigayiya maƙwabciyata ne. Duk daminar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatar baya takan cika ta ɓullo ta ƙasan bangon, ni da ita muke kwashewa da kwano, zane a ɗaure, ruwa har idon sawu. Amma na buɗe bakina na ce, "A'a, randa ce marigayiya take ajiyewa a nan." Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Zan yi miki ƙarya ne?" Ta yi dariya ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiyata."

Wace irin uwa ce ke faɗin haka? Ni da ko a cinikin ƙuli ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba?

An kafa na'urar a cikin akwatin ƙarfe, an ɗaure shi da ƙasa. An jera manyan batura a daɓe, an bi gindin bango da wayoyi, an sa esi mai sanyaya ɗaki. Rahoto na shigowa daga Sandamu da Mai'adua, Auta na dawowa gida da fara'a mu ci abinci tare. Har Alhaji ya tsaya a ƙofar gidana ya ce, "Hajiya, mun gode. Injiniya ta ce ke kika tabbatar mata da ɗakin, kuma ta ce maganarki ba ta bukatar shaida." Na amsa ina kallon ƙasa.

Yanzu ga damina ta kawo kai. Na ɗauki fatanya na yashe kwatar da hannuna, maƙwabta na tambayar ko lada nake nema. Na san ba zai hana ba, marigayiya ma tana yashewa. Na gwada ce wa Auta ko za a ɗora baturan a kan benci. Ta ce, "Inna ta zama injiniya! Me zai same su a ƙasa?" Sai na bar maganar. Shekaranjiya aka yi yayyafi, ina tsaye a zaure ina kallon layin, har ta ce ko zazzaɓi nake ji.

In na faɗa mata, dole ta je gaban Alhaji ta ce a tone duk aikin a sake, saboda ta dogara da maganar uwarta. Aikinta na farko ke nan, wa zai ƙara ba ta wani? Kuma da wane ido za ta dube ni? In na yi shiru, ruwan zai zo, ita za a kama da laifi, dukiyar mutane ta salwanta a kan son zuciyata. Na yi istigfari, amma na san istigfari ba ya toshe bango.

Na yarda ta tafi Mai'adua, wallahi yanzu ko Kano ce na yarda. Bakin da zan fara maganar ne ban da shi. In fara zuwa wurin Alhaji in ɗauki laifin a kaina, ko ita ya kamata ta fara ji? Yau ma hadari ya haɗu ta gabas, ta fita aiki tana ce mini in kwashe shanya.

Me zan yi?