Goron Wa Za A Ci A Sabo?

Zuwa ga Alhaji Nata'ala mai goro,

"Saudat, kafin sabon goro ya sauka a Sabo, nawa goron zai isa zauren Kawu Babandi, in nemi aurenki yadda ake neman 'yar mutunci." Ka gane wannan magana? Taka ce, ya sanyin idona! Taka ce, ya inuwar da na zaɓa bayan na sha rana, ya ruwan farko da ke sauka a kan tsofaffin kwanukan rufin Ibadan har ƙasa ta tashi da ƙamshi, ya marsa a tsakiyar ƙananan goro! To, sabon goro ya sauka. An saye, an ɗaure, motoci sun yi Arewa da shi, ragowar ma ta kama hanyar zama daushe. Zauren kawuna kuwa ko ɓarin goro ɗaya bai gani ba.

Ina son ka, kuma ina jin haushinka, kada ka ɗauka ɗaya zai kashe ɗaya. Ni ba yarinya ba ce. Na yi aure, na yi takaba, na aurar da 'ya, na koyar a firamare har alli ya busar mini da yatsu. Kai ma Allah ya karɓi taka uwargidan, ka san yadda ɗaki ke yin faɗi in babu mai yi maka sannu da zuwa. Mutum biyu irinmu me ya rage musu na ɓoye-ɓoye?

Ka tuna yadda ka fara zuwa? Masu motoci da masu sayen kayanka suna turo maka saƙo a waya da Turanci, sai ka nemi mai karanta maka, sirrin cinikinka ya zama na kowa. Ka ji ina koya wa matan unguwa Turanci bayan la'asar a zauren kawuna, sai ka riƙa zuwa da ɗan kwando, ka zauna a benci bakin ƙofa kana tsintar goro, wai Kawu ka zo taya hira. Kunnenka kuwa yana kan allo. In mata sun watse, matar Kawu, Inna Surayya, tana kan tabarmarta tana jan carbi, sai in juyo maka da allon.

Ranar da muka zo kan jam'i, ranar nan ce ta cuce ni. Na ce maka a Turanci abu ɗaya yana tafiya da is, abubuwa da yawa kuma da are, amma kalmar da ke siffanta su ba ta motsi. Mu mukan ce babban kwando, manyan kwanduna, sifa ta bi jama'a. Bature kuwa sai ya ce the basket is big, the baskets are big, sifarsa tana nan daram. Na ce ka ba ni misali. Ka ajiye goron da ke hannunka, ka dube ni, ka ce, "Your eyes are beautifuls." Na ce ka cire harafin ƙarshe. Ka ce ba za ka cire ba, idanu biyu ne, kowanne da nasa kyan, ba za ka yi wa ɗaya rowa don Bature ya ji daɗi ba. Inna ta yi dariya har carbinta ya faɗi. Ni kuwa, wadda na karanta littattafan da suka cika akwati, na ajiye allin, na bar harafin a wurinsa. Wayyo, Alhaji! Kuskuren ɗalibai nawa na shafe da jan biro a rayuwata? Naka kaɗai na bari, na kai shi ɗaki, har yau yana nan da sabuntarsa.

Sai kuma ranar da abokinka Hashim ya tsokane ka a majalisar bakin rumfarka. Ya ce an ce mace ke riƙe maka alli, in an ɗaura aure ita za ta riƙa ba ka maki a gida. Aka fashe da dariya. Me ka ce, ya zakin da kyanwa ta firgita? Ka ce kai gaishe da Kawu Babandi kawai kake zuwa, wace Saudat kuma? Kada ka tambayi wanda ya gaya mini. Magana a Sabo ta fi okada gudu, ba ta kuma tsayawa a danja. Daga ranar ka daina bin layinmu. Mutum da girmansa da furfurarsa, yana zagayawa ta unguwar Mokola don kada ya haɗu da wadda ya ce ita ce numfashinsa!

Kai ne fa ka koya mini cewa ba ɓarawo ne babban maƙiyin goro ba, sakaci ne. Ka ce huhun goro ba a ɗaure shi a manta, sai an riƙa kwancewa, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta taɓa, in ba haka ba ƙwara ɗaya ta lalata ɗauri guda. Huhunanka ba ka taɓa barin su sun kwana biyu ba ka leƙa ba. Alkawarina kuwa ka ɗaure shi tamau ka hau kansa ka zauna. Ashe goro ya fi ni gata?

Yanzu gyara zama ka ji abin da ya faru da ba ka nan. Matan nan da majalisarku ke kira 'yan ajin gulma sun zauna jarrabawar yaƙi da jahilci a Mokola, kuma sun ci! Haulatu mai fura, wadda a da sai ta bi maƙwabta a duba mata sakamakon makarantar 'ya'yanta, yau da kanta take karantawa, har ta kama ɗanta yana yi mata ƙaryar ya zo na uku. Ranar raba takardar shaida aka miƙa wa Amariya mai tuwo lasifika, ta gyara ɗaurin kallabi ta dubi manyan baƙi ta ce, "The women are ready." Guɗar da aka rangaɗa, na tabbata ta iso har rumfarka. Dattawan unguwa sun ba ni ɗakuna biyu kusa da Islamiyya in buɗe makaranta sosai, da benci da allo na bango.

Ga wadda ta fi daɗi. Shekaranjiya wa zan gani a bakin zaure, ya cire takalmi yana murza hula a hannu? Hashim! 'Yarsa da ke karatun jinya tana turo masa saƙo, ya gaji da kai wa yaran layi su karanta masa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malama, ko akwai ajin maza?" Na ce akwai, oya, zauna. Na nuna masa bencinka. A kansa ya zauna, yana ta fama da is da are har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. To, kunyar wa kuma ta rage maka? Wanda ka sayar da ni don dariyarsa, ga shi yana ce mini Malama.

Na ci nasara, Alhaji, nasara cikakkiya, ba kuma da taimakonka ba. Amma me ya sa ranar guɗar nan idona yake ta zagaya taro yana neman hularka? Me ya sa in ruwa ya tsuge a kan kwano nake jin kamar muryarka ce ke sallama? Na ci tuwon murna, babu gishiri a bakina. Ka dawo, ya kurciyar da ta bar reshenta don ihun hankaka! Ka dawo da kuskurenka da komai, ni ban taɓa neman miji mai Turanci ba, mai magana ɗaya nake nema.

Ga iyakata. Asabar ta farko a wata mai kamawa za a buɗe makarantata, ka kuwa san a Sabo ba a buɗe ko shagon aski ba a raba goro ba. Ina ba ka har zuwa Juma'ar da za ta gabace ta, kafin kiran la'asar. In manyanka suka yi sallama a zauren Kawu Babandi da ƙwaryar goronka, to ranar Asabar goro ɗaya zai yi aiki biyu, a ci na makaranta a ci na baiko. In kuwa ladan ya kira salla zauren yana nan wayam, zan yafa gyalena in taka har rumfar Isiyaku mai goro, wadda ke kallon taka ido da ido. Zan zaɓi marsa da hannuna, in yi ciniki da muryar da nake koyarwa da ita, a raba gida-gida da sunana, kowa ya tambayi dalilin da ya sa Malama ta tsallake rumfar Alhaji Nata'ala. Rabonka ma ba zai ɓata ba. Farare biyu zan aiko maka a cikin kwano mai murfi, ɗaya don kowane ido.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, wani ba zai shiga inda ka shiga ba, wannan na riga na sallama wa Allah. Zuciyar taka ce har ranar da za a kai ni makwanci. Benci ne dai ba zan ƙara ajiye wa kowa ba.

Taka, da fushinta da ƙaunarta,
Saudat