Wai Teku Hanyar Kowa Ce

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna? Mu nan Makka lafiya lau.

Sabitu ɗana ya samu aiki a jirgin ruwa na kaya, gobe za su tashi daga Jidda su ratsa Bahar Maliya, inda ake kai wa jirage hari. Ubangidansa ya rantse mini ba komai, wai gwamnatoci sun ce Bahar Maliya hanyar kowa ce, ba mai ikon tare jirgi. To in haka ne, me ya sa ya sauke ɗansa ya sa nawa?

Jiya kuma Sabitu ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara. Tafiyar wata ɗaya fa, Yaya!

Ina cin abinci, kada ki damu. A saka shi a addu'a, amma kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Amatullahi