Launin Ummusalama

Gadarif, 9 ga Oktoba

Zuwa ga jikata kuma amaryata Duaa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da mutanen Doka baki ɗaya. Yaya yankan riɗi? Ni da sauƙi, sai gwiwar da kika sani. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan. Yanar idon ta ƙaru, ina rubutu hancina na kusan taɓa takarda.

Gwaggonki Fatin ta kawo mini kisra, wainar dawan nan tamu, ranar Juma'a, ta ce an sa ranar aurenki da Mohanad, wannan da ya ƙwace mini ke ina zaune. Na yi murna ƙwarai. Amma ta ƙara da wani labari da ya hana ni cin kisrar. Ta ce ban da zaman duhan, turara jiki da hayaƙin itace mai ƙamshi da kowace amarya ke yi, kin sayi man haɗin nan da ake aunawa da cokali a kasuwa, kina shafawa safe da yamma don ki yi fari, wai 'yan'uwansa mata duk farare ne. Ta ce kumatunki sun yi ja, rana na taɓa su sai ki yi hawaye.

Na ɗauki alƙalami zan yi miki faɗa, sai na ga ba ni da bakin yi. Bari in faɗa miki nawa laifin. Tun da habubarki, matata Ummusalama, ta rasu, shekara huɗu ke nan, na saki kaina. Sau uku likitocin ido suna zuwa gari, sau uku Fatin tana rubuta sunana, ni kuwa in ce cikina ke ciwo. Gaskiyar ita ce na ce a raina, wa ya rage da zan gani? Na daina gyara gemu. Na daina dafa jabana, gahawar nan tamu, don finjali ɗaya a kan faranti yana ba ni tausayi. Na ɗauka haka ake riƙe amanar wanda ake so. Ashe mutumin da ta yi shekara arba'in da bakwai tana lallaɓawa, shi na bari yana lalacewa. Da za ta dawo ta gan ni, da tsintsiya za ta bi ni.

Ke ba ki san ta da ƙuruciya ba. A gonar Simsim na fara ganinta, muna ƙwadago, tana ɗaure damin riɗi, baƙa wuluk, goshinta na sheƙi. Na tsaya kallo har lauje ya yanke mini yatsa. Tabon yana nan. Ranar da kuka gudo daga Khartum saboda yaƙi kuka sauka a ƙofata, duk da hazon idona, launinta na hango a jikinki kafin in ji muryarki. Shi kike so ki kankare.

To ga abin da za mu yi. Likitocin za su dawo ƙarshen wata. Zan je su yi mini aikin, ko da yake tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ke kuma ki zubar da man nan, ki kai fuskarki likita ya duba, sannan ki tambayi Mohanad baki da baki ko shi ya nema. In shi ne, ki sanar da ni, sandata ba ta tsufa ba.

Ki gaishe da mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Abdulhamidu

Gadarif, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga amaryata Duaa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, yaya jiki, yaya mutan gida? Dubi yadda rubutuna ya koma ƙanana.

Wasiƙarki ta zo, kuma da kaina na karanta ta, sau biyu. An yi mini idon dama, na hagu sai bayan wata biyu. A kan gadon aikin wata ma'aikaciya ta riƙe mini hannu har aka gama.

Na yi dariya da kika ce Mohanad bai ma san da man ba, ya zaci ciwo ne ya kama ki, yana ta neman wa zai tambaya. Na ga kuma inda kika ce yayarsa ba ta daina 'yan maganganu ba, kuma tabon kumatun zai ɗauki lokaci. Ki bar shi ya ɗauka. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne da kika rubuta cewa duhan kam za ki ci gaba, don ke kike son ƙamshinsa. Ke kike so. Na ja layi a ƙarƙashin wurin.

Da aka cire mini bandeji na nemi madubi. Wani tsoho na gani, gemu kamar tsohuwar tsintsiya, wuya duk jijiya. Na daɗe ina kallonsa, sai na ji ban ƙi shi ba. Na kai shi wurin wanzami, na sa an wanke masa jallabiya. Yanzu kowace hantsi ina dafa masa jabana da citta mai yawa, yadda yake so. Maƙwabcina Abdulganiyyu ya ji ƙamshi ya fara leƙowa, finjali ya koma biyu.

Ki zo kafin biki, ki zauna a tsakar gida inda haske yake. Ina so in dube ki sosai da sabon idona kafin in miƙa ki ga ɓarawon nan.

Allah ya sa albarka, ya kai mu ranar lafiya.

Kakanki mai ƙaunarki,
Abdulhamidu