Mutumin da Ke Gefen Hoto

Litinin, 7 ga Oktoba
Na samu aiki. Madam Philomena mai gidan burodi a Sabon Gari tana son shafin intanet, gidan ya cika shekara talatin. Ɗanta Celestine ne ya haɗa mu daga Abuja. Na nuna mata salon da nake taƙama da shi, parallax, wanda rubutu ke wucewa da sauri, hoton baya na bin sa a hankali. Ta ce to, ita dai sharaɗinta ɗaya: hoton ya zama na mijinta, marigayi Chukwuma. Ran ashirin ga wata za a yi masa addu'ar shekara a coci, ranar za a tura wa dangi shafin. Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Bakina kenan.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na ga hoton. Guda ɗaya tak, na ranar da suka buɗe gidan, an yi masa laminatin har ya yi ja. A kwance aka ɗauke shi. Ƙofa da allon suna a tsakiya, shi kuma bawan Allah ya raɓe can ƙarshen dama kamar wanda ya zo karɓar saƙo. Na ce Madam, babu wani? Ta ce, "Ɗana, ba ya son hoto. Wannan ma cewa ya yi a ɗauki shago, ba shi ba." Halin Baba sak, Allah ya jiƙansa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
A kwamfuta lafiya lau. A waya babu marigayin. Allon waya a tsaye yake, sai ya yanke gefe da gefe ya bar min ƙofa. Kuma danginta kaf da waya za su buɗe.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na ja hoton ya koma dama, ya fito. To amma motsin nan yana bukatar hoto ya fi allo tsawo, dole in ƙara buɗa shi. Ina buɗawa fuskar ta watse, ido da hanci suka cakuɗe. In na rage, kafaɗa da kunne kawai. Tun hantsi har aka kira la'asar. Inna ta leƙo ta ce da wa nake faɗa a ɗaki ni kaɗai. Wallahi na fara jin haushin mamaci. Da ka matso taku biyu, Malam, me zai ci ka?

Talata, 15 ga Oktoba
Celestine ya ce in sa manhajar gyaran hoto ta fito da fuskar. Ta fito da ita fes. Na hau adaidaita zuwa wurin Madam, muka maƙale a cunkoson shataletalen Bata kusan awa guda, ina ta murna. Madam ta goge hannu a zane ta karɓi wayata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wane ne wannan?" Ashe marigayin yana da tabon ƙunar tanda a goshi, manhajar ta share shi a matsayin datti. Na rasa inda zan sa fuskata.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na mayar da na asali, na daidaita iya iyawata, na kai mata. Ga shi nan, dishi-dishi amma shi ne. Ta yi murmushi. Sai ta ja allon sama, ya sulale a hankali ya shige ƙarƙashin jerin burodi. Ta dawo da shi. Ta sake ja, ya sake tafiya. Sau uku. Ta ce, "Me ya sa yake tafiya?" Na shiga bayanin cewa ai haka salon yake, shi ake yayi. Ta ce ta gane, ta miƙo min wayata, ta sa min burodi biyu a leda. Ban iya ci ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Saura kwana biyu. Na buɗe kwamfuta, na rufe. Ban san yadda zan yi ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na cire motsin gaba ɗaya. Na kafe hoton a saman allo yadda yake, da jansa da komai, rubutu na wucewa a ƙasansa. A waya marigayin bai fi ƙwayar wake ba, amma duk yadda ka ja yana nan, tabon ma ana gani in an ƙura ido. Aikin ɗan koyo. Ba zan nuna wa abokan sana'a ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Celestine ya turo saƙo daga coci: "Mama ta ce yanzu ya tsaya." Shi kenan.

Da yamma na tambayi Inna ko akwai hoton Baba. Shekara shida ban taɓa tambaya ba. Ta ce akwai ɗaya a ƙasan akwati, na ɗaurin auren wani, yana can gefe. Na ce ba komai zan yi da shi ba, gani kawai. Har yanzu yana hannuna.