Wa Zai Gaji Dum-Dum

Ni, mahaifinku, ina rubuta wannan da cikakken hankalina. Na san dangi sun daɗe suna shakkar hankalin nan, tun ranar da na bar gyaran rediyo na buɗe kamfanin faifan kiɗan tekno, kiɗan na'urar nan mai dum-dum, a garejin gidanmu. Likita dai ya ce zuciya ce ta gaji. Kaina lafiya lau, kunne ne sai a hankali.

1. Kamfanin na ƙanwarku Auta ne. Babban yayanta, kada ka ɓata rai. Bakinka na sayar da kaya, amma da idona na gan ka kana gyaɗa wa injin wanki kai, kana zaton sabon faifanmu ne. Ita kuwa ko daga ɗaki take jin inda kiɗa ya karkace. Ka riƙe mata hulɗa da shaguna.

2. Kwalayen da ke ƙarƙashin gadona faifanmu ne na farko, wanda duniya ta ƙi saye. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye ni yaushe za a fara waƙar. Duk da haka ita ta liƙa wa kowanne takardarsa da hannunta. Ku raba su daidai, ku hana gwaggonku ɗora tukunya a kai.

3. Maƙwabcinmu tela ya shekara yana dukan bango da muciya don mu rage sauti. Da izininsa muka naɗi dukan, ya zama faifanmu mafi kasuwa. Yanzu makaɗi yake kiran kansa. Kada ku musa masa.

4. Na-tsakiya, kai da Dogo, makaɗinmu na farko, kun daina gaisawa saboda shi ya ce a ƙara wa kiɗa gudu, kai ka ce a rage. Na saurari duka biyun, ban ji bambanci ba. Ka je ka same shi tun kafin a ɗauki gawata, domin ku ne dogayen gidan, kuma ba na son makara ta karkace.

5. Manyan kamfanoni za su zo da murmushi, su ce za su saye mu. Ku ba su wurin zama da ruwa, ku ce a'a. Makaɗanmu ba su da wata inuwar.

Duk wanda ya aiko da kiɗansa, ku saurara har ƙarshe, ko da ya yi kama da faɗan gwangwani. Wani bai taɓa samun mai sauraro ba.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku kunnuwanku. Ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya, ku riƙe ƙanwarku. In faɗa ya kama dole, ku yi shi a gareji, can ne bango ke da soso mai shanye ƙara.